Itacen Ƙarfe da Inuwar Dogon Yaro: Ina Mazaunin Sassaƙa a Lambunan Yamai?

A shekarar 1973 wata babbar mota ta banke itacen Tenere, ƙayar nan tilo da ayarin raƙuma masu zuwa Bilma ɗaukar gishiri suke saita hanya da ita. Saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 kafin ta taɓa ruwa. Ta jure rana da iskar hamada shekara da shekaru, sai ga direba ɗaya ya gama da ita a rana ɗaya. A watan Nuwamba na shekarar aka ɗauko gangar jikinta aka kawo Yamai, aka yi mata rumfa a gidan tarihi na ƙasa, wanda mutanen gari ke ce wa Muze, kuma tana nan har yau. A gurbinta, can tsakiyar rairayi, aka kafa wani itace na ƙarfe, haɗin bututu da tarkacen mota.

A ganina wannan itacen ƙarfe yana cikin ayyukan hannu na fili da suka fi dacewa da mazauninsu a duk faɗin Nijar. Yana da aikin yi, domin matafiyi na hango shi daga nesa ya san inda yake. Yana da labarin da yaron makaranta ma zai iya ba ka. Babu malamin da zai ɗaga masa gira, tunda itace ne, ba shi da rai. Abin da aka yi shi da shi kuwa ya fi ƙarfin gara. Aibinsa guda ne, kuma aibi ne da zai yi ta biyo mu cikin wannan sharhi: duk inda aka ba da labarinsa, ba a ambaton wanda ya riƙe sandar walda ya haɗa shi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen daga hamada shi ne wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Yamai gari ne mai hannu. Ka shiga kasuwar Katako ka ga yadda ake narkar da tsohon alminiyam a zuba shi cikin ƙasa ya fito tukunya, ko yadda ganga ke komawa murhu da akwati. Ka leƙa ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ko rumfunan maƙera da dukawa da masassaƙa da ke cikin Muze. To me ya sa da wuya ka sami lambu ɗaya na jama'a inda aikin waɗannan mutane yake tsaye a fili, mai girma, da sunan mai shi a gindinsa, har iyali su zauna kusa da shi su sha iska? Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce addini. Amsa ce mai sauƙi, shi ya sa ake son ta, domin tana sauke wa kowa nauyi. Ni dai ban gamsu da ita ba.

Matsalar ta fara ne tun daga harshe. Masassaƙi a wurin Bahaushe shi ne mai fafe turmi da akushi, mai gyara taɓarya da ƙotar fartanya da allon almajiri. Ba wanda ya taɓa zarginsa da komai. Da zarar hannunsa ya fitar da kai da ido da hanci, sai sunan abin ya sauya, ya zama gunki, kuma gunki abin bauta ne. Kalmar da ta rage ita ce mutum-mutumi, wadda manomi ya fi saninta da tsumman da ake rataya wa kara don korar tsuntsaye. Ke nan abin da mai fasaha ya shafe wata uku yana yi, ko dai a kira shi da sunan shirka, ko a kira shi da sunan abin dariya. Sau nawa ka ji yaro ya ja rigar ubansa yana cewa, "Baba, ga gunki!" uban kuma ya ce, "Kai, wuce mu tafi," alhali abin da yaron ya nuna raƙumin dawa ne na siminti da ba wanda ya taɓa rusuna masa?

Tsoron yana da asali, kuma bai kamata a raina shi ba. A cikin Suratu Nuhu an ambaci Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra, kuma bayanin da aka ruwaito daga Ibn Abbas shi ne mutanen kirki ne da aka yi wa alamomin tunawa bayan mutuwarsu, zamani ya ja, jikoki suka mance dalili suka koma bauta musu. Hadisan da suka yi kashedi ga masu yin surar abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim. Duk wanda ya ce malamai ƙirƙirar maganar suka yi bai yi karatu ba. Amma a cikin waɗannan littattafan ne kuma aka ruwaito cewa wani mai sana'ar yin sura ya zo wa Ibn Abbas yana kukan cewa da ita yake ci, sai ya nuna masa mafita: ya yi itatuwa da duk abin da ba shi da rai.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka gada a zaurukanmu, sun tsefe mas'alar dalla-dalla. Abin da suka haramta kai tsaye shi ne surar da ta haɗa sharuɗɗa: ta mutum ce ko dabba, tana da jiki wanda ke yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. In aka rasa gaɓar da mai rai ba ya rayuwa sai da ita, hukuncin ya sauka daga haramci. In zane ne a shafe, kamar na bango ko takarda, magana ta koma ta karhanci ko saɓanin abin da ya fi. 'Yar tsanar da yarinya ke wasa da ita an yi rangwame a kanta. Itace da jirgi da wata da tauraro da tulu da takobi kuwa, babu ma zance a kansu. Akwai malaman da suka fi haka tsanantawa, musamman a wa'azin zamanin nan, kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne. Abin da nake nunawa shi ne ƙofar da fiƙihu ya bari a buɗe tana da faɗi ƙwarai, faɗin da raƙumi da kayansa zai wuce. Mai fasahar da ya san wannan bayani zai iya zama da limamin unguwa su fahimci juna kafin a haƙa rami. Wanda bai sani ba shi ne ke kafa cikakken mutum na siminti a bakin masallaci, sannan ya yi mamaki in ya wayi gari ya tarar an fille masa kai.

Kuma ba yau hannun mutanen wannan ƙasa ya fara fitar da sura ba. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita 5, an fitar da kowane tabo na fatarsa. A Bura, cikin yankin Tera, wani mafarauci ya ci karo da kawunan yumɓu a 1975, kuma haƙar da Boubé Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya jagoranta a 1983 ta fito da mahayin dokin nan da ya zama abin alfaharin ƙasa. Abin da ya biyo baya shi ne abin takaici. Bayan an nuna kayan a baje kolin da aka fara a Paris a 1993, kasuwar waje ta buɗe baki, aka bi kaburbura da diga da shebur ana tonewa ana sayarwa, har hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada a saya. Manomin da ya sayar da kan yumɓu a kan 'yan jikkuna bai taɓa ganin an daraja irinsa a garinsu ba. Baƙo ne ya fara gaya masa abin yana da kuɗi.

Gadon da ya fi kusa da mu, wanda kuma ba ya tayar da jijiyar wuyan kowa, yana hannun magina. Wanda ya taɓa tsayawa gaban masallacin Juma'a na Yama, a jihar Tawa, ya san abin da nake nufi. Falke Barmu ya fara shi a 1962, da ƙasa da itace da hannun mutanen gari, ya yi ta ƙara masa hasumiyoyi kowace da irin surarta, har ginin ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Ka dubi hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 da itatuwan da suka tsattsargo daga jikinta, ko zanen da ke fuskar gidajen Birni a Damagaram da zankwayen da ke bisa kansu. Duk wannan aikin sura ne a fili, rana na dukansa, inuwarsa na juyawa daga safe zuwa yamma, kuma ba a taɓa kiransa gunki ba. Akwai wani abu kuma da magina suka riƙe wanda ma'aikatun zamani suka saki, wato yaɓe. Ginin ƙasa alkawari ne tsakanin mai shi da damina. Kowa ya san in ba a sake yaɓe ba, ruwa zai ci. Ba a gama ginin ƙasa a ce an gama.

A nan ne, a ganina, ainihin ciwon yake. Abin da ke kashe aikin sassaƙa a Yamai ba ya hawa mumbari. Rana ce da ƙura da ruwa da gara da ɓarawo, sai kuma rashin wanda zai ce nawa ne.

A ɗauki ƙarfe, tunda shi ya fi samuwa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, farantin ƙarfen da ke tsaye a rana yana iya ƙona tafin hannun yaro. Da rana ya buɗe, da dare ya tsuke, kullum haka, fenti kuma ba ya iya bin sa, sai ya tsattsage. Hunturu ya zo da ƙura mai kaifi ya goge abin da ya saura. Sannan ruwan farko ya sauka ya shiga ta tsagar, ya kwanta cikin bututu, tsatsa ta fara ci daga ciki inda ido ba ya gani. Tsohon mai walda ya san maganin: a kankare ƙarfen sosai, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin a sa mai launi, a rufe bakin bututu ta sama, a huda ƙaramar kafa ta ƙasa don ruwa ya sami hanyar fita. Aiki ne na kwana biyu ko uku. Amma in an ce gobe minista zai yanke kyalle, waɗannan kwanakin ne ake fara yankewa. Ga kuma iskar da ke riga hadari isowa a farkon damina, wadda ke kwashe kwanon rufi ta tuge itatuwa. Faffaɗan faranti a tsaye tamkar tabarma ce aka shanya mata. In tushen bai nutsa ba, ko aka yi rowar siminti, daren farko zai kwanta.

Siminti ya fi arha, ya fi saurin ba da sura, shi ya sa ya cika shataletale a garuruwanmu. Ana lanƙwasa rodi, a naɗa masa raga, a mulka siminti, a yi fenti. Wata shida abin gwanin kyau. Sai ƙaramar tsaga ta bayyana, ruwa ya kai ga rodin, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya ture simintin daga ciki, kunne ya faɗi, ƙafa ta ɓalle, ƙarfe ya leƙo waje kamar ƙashi. Itace kuwa, wanda shi ne asalin kayan aikin masassaƙi, yana da abokan gaba biyu. Na farko gara, wadda ba ta buƙatar komai illa gindin itacen ya taɓa ƙasa. Na biyu ƙarancin itacen kansa. Ƙirya da maɗaci da kanya, masu taurin da ke jure waje, sun yi wuya, gawo kuma doka ta kare shi, kuma daidai ne ta kare shi. Dogon yaro yana da yawa, ɗacinsa na rage masa ƙwari, amma rana na tsaga shi in bai bushe a hankali ba. Tagulla ce sarauniya. Maƙeran da ke zuba kurus ɗin Agadas sun san dabarar tun kaka da kakanni: a gina surar da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, a fasa yumɓun. Tagulla na iya shekara ɗaruruwa a waje. Sai dai tsadarta ita ce ajalinta, domin masu sayen gwangwan a kan kilo suke saye, kuma ma'auninsu bai san fasaha ba.

Duk waɗannan suna da magani in akwai mai kula. To wa ke kula? A nan sai mu dubi yadda aikin ke zuwa tun farko. Yawancin abin da aka kafa a filayen biranenmu albarkacin wani buki ne. Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disamban 2005, inda har gasar sassaƙa aka yi cikin gasannin al'adu. Daga 2011 aka shiga shirin ƙawata Yamai mai suna Niamey Nyala, aka yi gadoji na sama da tituna, aka ƙara ƙaimi gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Bukin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba mai zagaya jihohi ya zo da shirye-shiryen ƙawata garuruwa, wato Dosso Sogha a 2014, Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018. Ba na musun cewa garuruwan sun sami tituna da fitilu da gine-gine. Amma tsarin buki tsarin gaggawa ne. Kwangila ce babba ake ba ɗan kasuwa, kayan ƙawa na can ƙarshen takarda bayan kwalta da magudanar ruwa, shi kuma ya nemi mai walda ko magini mafi arha ya ce masa, "Maigida, a yi mana wani abu mai kyau nan da sati biyu." Wanda ya yi aikin ba a tambaye shi ra'ayinsa kan wurin ba, ba a rubuta sunansa ba, ba a ce ya dawo baɗi ya duba ba. An yi buki, baƙi sun tafi, kwamitin ya watse, an bar wa ma'aikatar magajin gari marayan da ba ta san ranar haihuwarsa ba, ba ta kuma da kasonsa a kasafi.

Wurin da ake kafawa ma abin dubawa ne. Mun ɗauka shataletale shi ne mazaunin sassaƙa. Amma wa ke kallon abin da ke tsakiyar shataletale? Mai taksi idonsa na kan ɗan kabu-kabun da ke shirin yanko masa, ɗan kabu-kabu idonsa na kan ɗan sanda, mai tafiya a ƙasa kuwa addu'a yake ya tsallake lafiya. Daƙiƙa uku ake ba abin, daga nesa, ta cikin hayaƙi. Dole ya zama ƙato mai sauƙin ganewa, irin wanda ke cewa ga mu nan mun yi aiki. Shataletale wurin hukuma ne, kuma abin da ke wurin hukuma da ita yake tashi, da ita yake faɗuwa. Mun gani a watan Oktoban 2024, lokacin da aka sauya wa titin Charles de Gaulle suna zuwa Djibo Bakary, cibiyar al'adu ta Jean Rouch ta koma Moustapha Alassane, aka kuma ɗauke fuskar Monteil, sojan Faransan nan da ya ratsa Say da Sakkwato da Kano a tafiyarsa ta 1890 zuwa 1892, aka sa ta Thomas Sankara a gurbinta. Ko mutum ya yi murna da sauyin ko bai yi ba, abu biyu sun fito fili. Fuskar mutum ta shekara da shekaru a dandalin Yamai gari bai tashi ba, kuma ranar da aka cire ta, siyasa ce ta cire ta.

Lambu dabam yake. A lambu mutum a ƙasa yake, ba ya sauri, yana iya zagaya abu ya gan shi ta baya, ya taɓa, ya koma ya zauna ya sake kallo. Aikin da ke lambu ba ya buƙatar tsawon bene. Yana iya zama daidai kafaɗar mutum, da ƙananan abubuwan da sai an matso ake gani: sarƙar babur da ta zama gashin doki, tsohuwar galma da ta zama fiffike, ƙwaryar ƙarfe da aka yi wa zanen da mata ke yi wa ta duma. Wannan ne filin da gwanin Katako zai fi kowa haskakawa, domin shi a kusa ake gane gwanintarsa.

Sai dai kafin a yi zancen sassaƙa a lambu, sai an sami lambun. Wurin da ya fi cancantar sunan a Yamai shi ne Muze ɗin kansa. An buɗe shi a 1959, da ƙoƙarin Boubou Hama wanda yanzu yake ɗauke da sunansa, da Pablo Toucet wanda ya fara shugabantarsa, a kan fili mai kusan hekta 24. Dabarar da aka yi tun farko ita ce ba a tara komai cikin gini ɗaya mai ƙofa ɗaya ba. An warwatsa ɗakuna farare masu ado irin na ginin Hausa cikin itatuwa, ga namun daji, ga ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a Gadufawa, ga masu sana'a suna aiki a gaban ido. Wanda ya taɓa zuwa ranar bukin salla ya ga yadda yara ke cika wurin maƙil, cikin sababbin kaya, kowa da 'yan dalolinsa na barka da salla. Waɗannan yaran ba sa tsoron sura. Su ne ke tsayawa a ɗauke su hoto kusa da duk abin da ya fi su tsawo. In akwai wurin da ya kamata a ware wa masu fasahar yau wani sashe a fili, a riƙa sauya ayyukan duk shekara ko biyu, nan ne, domin akwai katanga, akwai masu gadi, akwai jama'a, masu aikin kuma suna 'yan taku kaɗan daga wurin.

A wajen Muze kuwa labarin ba daɗi. Dajin dogon yaron da aka fara dasawa a 1965 don ya yi wa birnin ɗamara, an yi ta gutsurarsa ana yanka filaye ana zuba shara. Ƙananan filayen da taswirar unguwa ta ware don shan iska, sau da yawa sai ka tarar sun zama shago ko gareji ko gidan wani. Inda aka yi sabon dandali kuma, an fi son daɓen siminti da fitila da 'yan furanni, a manta da inuwa. Mutumin Yamai ba ya zama inda babu inuwa, ko da zinariya aka kafa a wurin. Dubi inda samari ke kafa fada su ɗora shayi: gindin itace ne ko jikin katangar da rana ta juya wa baya. Saboda haka wanda ke son a kalli aikinsa, ya fara neman itace, sannan benci, sannan mai sayar da ruwan sanyi. Ni da za a bi tawa, da aikin da kansa zai riƙa ba da inuwa ko wurin zama, ya zama rumfa ko kujera ko abin da yara za su hau, yadda mai unguwa da matan unguwa za su ji in ya lalace su aka yi wa hasara.

Maƙwabta sun gwada hanyoyi dabam-dabam. A Laongo, kimanin kilomita 35 daga Wagadugu, Siriki Ky ya tara masassaƙa a 1989 suka shiga sassaƙa duwatsun da Allah ya ajiye a wurin, kuma ana ci gaba da komawa ana ƙarawa. Hikimar a bayyane take: ba a saye dutsen ba, ba ya tsatsa, ɓarawo kuma ba ya iya ɗaukarsa. A Duwala, Joseph-Francis Sumégné ya haɗa wani ƙaton mutum mai tsawon mita 12 da tarkacen ƙarfe a 1996, aka yi ta cece-kuce a kansa, daga baya ya zama alamar birnin. A Dakar kuwa, birnin da aka haifi masassaƙi Ousmane Sow wanda ayyukansa suka cika wata gada a Paris da 'yan kallo a 1999, da aka tashi gina babban abin tunawa na 2010 sai aka kira kamfanin Koriya ta Arewa. Na fi jin tsoron wannan na ƙarshen, domin ya fi kama da halinmu: in abin ƙarami ne a ba ɗan gida ya yi a kan arha, in babba ne mai kuɗi a kira baƙo.

Kuɗin ba sai sun yi yawa ba, tsari suke so. Faransa tun 1951 take ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin wasu gine-ginen gwamnati don aikin masu fasaha, Senegal ma ta yi irin wannan doka a 1968 zamanin Senghor. Ba dole mu kwafi kowa ba, amma ma'anar a fili take: kason mai fasaha a rubuce yake tun kafin a fara haƙa, ba ragowar abin da ɗan kwangila ya ga dama ba. In da za a raba wannan kaso gida biyu, rabi na yin aikin, rabi na kula da shi shekara biyar a hannun wanda ya yi shi, da an ga bambanci. Mutum ba ya rowar fentin hana tsatsa a kan abin da ya san shi za a kira in ya ruɓe. Sunansa kuma a rubuta shi a gindin aikin, da shekara, da abin da aka yi shi da shi, da jimla ɗaya ta abin da yake nufi. Muna da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, amma haƙƙi na farko shi ne a san wa ya yi. Tunda kundin da aka amince da shi a 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, babu hujjar da za ta sa allon ya kasance da Faransanci kaɗai. A rubuta da Hausa da Zabarmanci, a ƙara da ajami, don dattijon da jikansa ya ce masa ga gunki ya karanta da kansa ya ce, a'a, wannan garken shanu ne da wane ya yi da tsofaffin garemani, don tunawa da farin 1984.

Masu kula da wurin ma ba sai an je nesa neman su ba. Duk wanda ya bi bakin kogi ta Yantala ko Gamkale da sassafe ya ga masu lambu da masu renon itatuwa suna jan ruwa suna bi leda-leda suna shayarwa, rani da damina, ba tare da wani ya yi musu kwamiti ba. A ba ɗayansu gefe guda na lambun ya ajiye dashensa yana sayarwa, a ɗora masa ɗan albashi, a ba shi lambar mai waldar da ya yi aikin. Shi zai fara ganin jan ruwan tsatsa yana gangarowa daga gindin bututu, tun a watan Yuni, kafin ya kai ga tushe.